Kujerar Ɗakin Duhu

Auta likita ya so zama. Ya ma fara karatun, ya yi nisa, sai ranar da aka shigar da su ɗakin tiyata ya ga an tsaga cikin wani dattijo. Kafin a gama ɗinki aka fito da shi ranga-ranga, ana yi masa fifita da kwali. Bai sake komawa ba. Yayarsa ta laƙa masa Rabin Likita, sunan ya bi shi har bakin titi, yaran unguwa ma in sun gan shi sai su riƙe ciki su ce a taimaka musu da rabin magani.

Wanda ya tsamo shi daga zaman kashe wando shi ne Farfesa, kawun yarinyar da yake nema. Ita ungozoma ce a asibitin gari, iyayenta sun rasu tun tana ƙarama, a hannun Farfesa ta tashi. Ranar da Auta ya je gaishe shi, tsohon ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "An ce jini ne ba ka iya gani."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To ni aikina babu jini. Ka iya zama wuri guda?"

"Na iya."

"Ka iya faɗin gaskiya ko da ba ta da daɗin ji?"

Auta ya ce yana ƙoƙari. Farfesa ya ce ya zo jami'a washegari. Da aka yi auren kuma ya ba su ɗan gidan da ke bayan nasa, ciki da falo, ƙofar shigarsu ɗaya. Duk wanda zai fita daga wurin Auta sai ya wuce ta gindin tagar ɗakin karatun Farfesa.

A wancan lokaci babu wani sashe a jami'ar da ake kira ilimin halayyar ɗan Adam. Mai son sanin yadda hankali yake aiki sai ya hau bene wurin malaman falsafa, ya tarar da su suna gardamar da kakanninsu suka bar musu. Farfesa ba daga can ya fito ba. Da jijiyoyin kwaɗi ya fara, yana auna saurin saƙo daga ƙafa zuwa baya. Sai wata rana ya ce, idan saƙon jijiya yana aunuwa, me zai hana tunani? Aka yi masa dariya, amma da naci ya yi yawa jami'a ta ba shi ɗakuna biyu a ƙasa, can ƙarshen baranda, inda a da ake jibge karyayyun bencina.

Ɗakin farko yana da taga da tebur da wani agogo mai gilashi da Farfesa ya sayo da kuɗin aljihunsa, wanda yake yanka sakan ɗaya gunduwa-gunduwa. Ɗaki na biyu ba shi da taga. An lulluɓe bangonsa da barguna don kada ƙara ta shiga, ƙofarsa biyu ce, ɗaya a bayan ɗaya. A tsakiya akwai kujerar katako mai madafin haɓa, a hannun dama maɓalli, a bango ƙaramar fitila da ƙararrawa, sai wani bututun roba da muryar Farfesa take fitowa daga ɗaya ɗakin. Wannan kujerar ita ce aikin Auta.

Da farko abin kamar wasa. Ƙararrawa ta kaɗa, ya danna maɓalli. Fitila ja ta kama, ya danna. In koriya ce, ya ƙyale. Farfesa ya cire wannan lokaci daga wancan, ya ce abin da ya rage shi ne tsawon yanke shawara. Ranar da lissafin ya fara fitowa daidai tsohon ya shigo ɗakin duhun da gudu, ya manta da fitilar hannu, ya yi karo da kujera, ya kama kafaɗar Auta yana jijjigawa. "Ka san abin da muka yi? Mun sa ma'auni a kan tunani!" Auta ma ya ji daɗi, daɗi na gaske. A hanyar gida ya sayo wa matarsa yadi.

Sai aka shiga mataki na biyu, wanda Farfesa yake kira duban ciki. Ya ce kamar yadda masu haɗa magunguna suke warware ruwa su gano abin da ya haɗa shi, haka za su warware hankali. Kuma a ganinsa abu uku ne kawai a ciki: abin da gaɓɓai suke ji, da hoton da yake zuwa a zuci, da daɗi ko rashinsa. Aikin wanda ke kan kujera shi ne ya duba cikinsa ya faɗi wanne ya zo, a wane jeri, da wane ƙarfi.

Farfesa ya turo lemo ta wata ƙaramar kafa, ya kunna fitila. "Me ka gani?"

"Lemo."

"A'a. Lemo suna ne, a kasuwa ka koyo shi. Me idonka ya samu?"

"Abu zagayayye, ruwan ɗorawa."

"Ina ya fi haske? Me ya faru a bakinka? Kafin ka gani ne ko bayan ka gani?"

Wata da watanni suka yi a kan wannan. Ɗalibai da yawa sun hau kujerar sun gudu, wasu barci yake ɗauke su, wani ya ce numfashinsa yana sarƙewa. Auta ya zauna. Yana da haƙuri, kuma ba shi da inda za shi. Sannu a hankali ya ƙware, har ya zama in an buga ƙarfe zai rarraba ƙarar kashi-kashi, ya faɗi inda ta fara dusashewa da 'yar tsukewar da ta bari a bayan wuya. Farfesa ya rubuta littafi, rabin abin da ke ciki daga bakin Auta ya fito, amma a littafin ba a kira shi da komai ba sai Mai Dubawa na Ɗaya.

Aka haifa musu 'ya mace mai surutu, suka riƙa ce mata Aku. Shekaru suka tafi. Auta yakan shiga ɗakin da safe rana tana ɗagowa, ya fito idonsa yana ƙaiƙayi, warin tsofaffin barguna ya kama rigarsa. Matarsa takan ce ko a cikin taro ta rufe ido za ta gane shi da hanci.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, duban ya daina tsayawa a bakin ƙofar ɗakin. Aku ta rugo ta rungume ƙafarsa, sai ya ji wani a cikin kansa yana jerawa: matsi a gwiwa, ɗumi, sakin nama a kumatu, daɗi matsakaici. Ya zauna cin abinci, kafin ya ji daɗin loma ya riga ya raba ta gida uku. Ya yi ƙoƙarin kashe muryar, sai ya tarar yana duban ƙoƙarin.

Ranar da mahaifiyarsu ta rasu da hantsi ne, yana riƙe da hannunta. Yayarsa ta faɗi a kan gado tana kuka. Shi kuwa yana tsaye, yana lura da nauyi a ƙasan ƙirji, da bushewar maƙogwaro, da sanyin da ya fara daga yatsun tsohuwar. Ya jira hawaye, ya lura da jiran. Ba su zo ba, har aka kai ta, har masu gaisuwa suka watse.

Yayarsa ta same shi a tsakar gida tana naɗe tabarmi. Ta ce, "Kai wai dutse ne a ƙirjinka? Ko bare sai da ya yi mata hawaye. Kai da ta fi so."

Da suka koma gida matarsa ta kawo masa ruwa, ta zauna kusa da shi.

"Baban Aku, ka yi magana mana."

"Ina ganin abin, amma ba na cikinsa. Kamar an ajiye ni a bakin taga ana nuna mini."

Ta daɗe tana kallonsa. Ita ta saba da kuka iri-iri a wurin aikinta, ba ta saba da wannan ba. Ta ce, "Ka bar aikin nan."

"In gaya wa wa?"

"Kawu mana."

"Ke za ki gaya masa?"

Ta sunkuyar da kai. Mutumin da ya yi mata takalmin makaranta na farko, ya zauna a bakin gadonta lokacin da ta yi ƙyanda, ba ta taɓa ce masa a'a ba.

Auta ya yi ta maza bayan sati guda. Ya shiga ɗakin karatun Farfesa da yamma, ya durƙusa ya gaishe shi. "Baba, dama wata magana ce."

"Yauwa, gara da ka zo." Tsohon ya miƙo masa wata mujalla. "Karanta ka ji abin kunya."

Wasu masu irin aikinsu ne a wata jami'a mai nisa suka buga cewa sun gano tunanin da babu hoto a cikinsa, babu ji, babu komai. Mutum ya gane abu kawai, tsurarsa. In haka ne, abubuwa ukun Farfesa ba su isa ba, littafinsa ya sami ɓaraka.

"Masu dubawarsu ba su horu ba," in ji Farfesa. "Ni kuwa ina da kai. Duk duniya babu mai ido irin naka. Daga gobe za mu fara. Wace magana ce ka zo da ita?"

Auta ya dubi furfurar tsohon, ya ce dama rufin ɗakinsu ne yake yoyo.

Sabon gwajin kalmomi ne. Muryar Farfesa ta zo ta bututu da kalma ɗaya, Auta ya danna maɓalli da zarar ya gane ta, sannan ya faɗi abin da ya gilma. "Doki." Hoton wuya da geza, daga hagu. "Gishiri." Zartsi-zartsi a gefen harshe. Aka yi ta tafiya lafiya har ranar da muryar ta ce, "Amma."

Auta ya danna. Ya duba. Ya sake dubawa.

"Ina jin ka," in ji bututun.

"Babu komai, ranka ya daɗe."

"Kamar yaya babu komai?"

"Na gane kalmar sarai. Na san abin da take nufi. Amma babu hoto, babu ƙara, jikina bai motsa ba. Ganewar ce kawai."

Sai ya ji an buɗe ƙofar farko, an buɗe ta biyu. Farfesa ya tsaya a kansa da fitila.

"Ka gaji ne. Rasuwar nan ta taɓa ka."

"Wataƙila."

"Akwai hoto. Siriri ne, yana saurin wucewa. Ka yi sakaci ne. Za mu sake."

Suka sake washegari, da jibi, da satin da ya biyo. "Amma." "Ko da yake." "Saboda." Farfesa bai taɓa ɗaga masa murya ba, bai taɓa cewa ya faɗi abin da bai gani ba. Cewa kawai yake yi, "Sake dubawa, ɗana." In Auta ya ce babu, sai ya ji ajiyar zuciya ta bututu, a sake. Da yamma kuma su tako gida tare ba mai magana, tsohon ya shige ɗakin karatu, fitilarsa tana haska hanyar da Auta zai bi. Matar Farfesa ta fara tambayar ungozoma ko wani abu ya faru, don Kawunta ya rage cin abinci.

Wata rana, ana cikin zafi, barguna sun riƙe iska, gumi yana bin bayansa, muryar ta ce, "Amma." Auta ya ji bakinsa yana cewa, "Kamar akwai wani abu toka-toka. Kamar hanya ta lanƙwasa."

"Daga wane gefe?"

"Dama."

"Alhamdu lillahi," in ji bututun, a hankali.

Daga ranar hotuna suka riƙa zuwa. Abin da ya fi damun Auta shi ne bai san ko ƙarya ya yi ba. Wani lokaci ya rantse ya ga lanƙwasar. Wani lokaci ya ga kamar bayan ya faɗa ne ta zo. Ya koma ciki ya bincika, amma da idon da ake tuhuma da shi yake binciken. Babu wanda zai kira ya leƙa masa. Farfesa ya buga raddi mai zafi, mutanen can suka mayar da wanda ya fi shi, kowa yana cewa masu dubawar ɗan'uwansa ne ba su iya ba. Aka shekara ana haka, ba wanda ya matsa.

Ana cikin wannan jami'a ta ɗauko wani matashi da ya gama karatu a waje, kowa Dakta yake ce masa. Dogo ne, mai saurin tafiya, hannun rigarsa kullum a naɗe. Ya zo da kejin fararen ɓeraye da wani faffaɗan akwatin katako mai lunguna, aka rasa inda za a sa shi sai ƙarƙashin matakala. A laccarsa ta farko ya ce abin da mutum biyu ba za su iya tsayawa su gani tare ba, ba kimiyya ba ne, labari ne. Ya ce a bar tambayar mutum abin da yake ji, a kalli abin da yake yi, a ƙirga. Ɗalibai suka koma wurinsa kamar an yi musu kiranye, har baranda take cika.

Ya tare Auta wata rana a bakin famfo yana wanke fuska.

"Kai ne Mai Dubawa na Ɗaya, ko? Na karanta ka tun ina ɗalibi. Wallahi na ɗauka tsoho ne."

"Na kusa."

Dakta ya yi dariya. "Ba raini ba ne, Farfesa shi ya buɗe mana ƙofa. Shi ya fara kawo agogo cikin maganar. Amma ɗakin nan nasa ya zama rijiya. Ina neman mai haƙuri da zai riƙe mini gwaji. Ɗakina zai kasance da taga."

"Ɗakinka ƙarƙashin matakala ne."

"Yanzu dai."

Ba da daɗewa ba maganar ta fito fili. Wuri ya yi wa jami'a kaɗan, aka kafa kwamiti ya duba wanda za a bar wa ɗakuna biyun. Farfesa ya ce su zo su gani da idonsu. Ya sa aka goge agogo, aka kakkaɓe barguna, ya sa rigarsa ta zuwa taro. Da safen ranar ya tsaya a gindin taga ya jira Auta suka tafi tare.

Mutum biyar ne suka zo, shugabansu wata farfesar lissafi ce, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya. Dakta yana tsaye a baya ya harɗe hannu. Aka bar ƙofofin a buɗe don su ji. Ƙararrawa ta kaɗa, Auta ya danna, agogo ya tsaya, suka leƙa suka gyaɗa kai. Wannan ya burge su. Sai aka zo kalmomi. "Amma." Auta ya faɗi lanƙwasarsa toka-toka daga dama, kamar yadda ya saba.

Shugabar ta tako har cikin ɗakin duhun, ta toshe hanci kaɗan, ta tsaya gaban kujera.

"Malam, ni ban san wannan fanni ba, ka yi mini haƙuri. Lokacin da agogo ya nuna, ni ma na gani. Wannan hanyar da ka ce ta lanƙwasa, ka gan ta?"

Farfesa ya ce daga baya, "Ai shekara da shekaru yana..."

"Shi nake tambaya, Farfesa."

Auta yana jin numfashin mutane a bakin ƙofa. Da ya ce eh, da an wuce wurin, don matar ba tarko ta ɗana masa ba, tambaya ce kawai. Amma tun da aka fara wannan aiki ba a taɓa yi masa ita haka a miƙe ba.

Ya ce, "Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Ba ka sani ba?"

"Da farko ban ga komai ba, na kuma faɗa. Aka yi ta sakewa. Daga baya na fara gani. Ko tana nan tun asali ne ban lura ba, ko ni na kawo ta don a huta, wallahi ban sani ba. Na duba har na gaji."

Shugabar ta ce ta gode, suka fita. Auta ya zauna a kujerar har ƙafafu suka ɗauke. Da ya fito, Farfesa yana tsaye yana rufe agogon da ƙyalle, yana gyara kusurwoyin a hankali. Bai juyo ba.

"Baba."

"Ka tafi gida."

Aka ba Dakta ɗakunan. Farfesa aka tura shi bene, aka ba shi tebur a cikin malaman falsafar da ya daɗe yana guje wa, yana koyar da tarihin fannin ga ɗalibai 'yan kaɗan. A gida ya sa aka saka labule mai kauri a tagar ɗakin karatu. Bai kori su Auta daga gidan ba, bai kuma ƙara amsa gaisuwar Auta da fiye da kalma ɗaya ba. Aku kaɗai ke shiga wurinsa ta fito da alewa. Ungozoma ta yi kwanaki tana kai abinci gaban mijinta ba ta zama. Ran nan tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Da ka bari sai kun dawo gida ka gaya masa."

"Na gaya masa tun farko. Sau nawa."

"Na sani." Ta ajiye rigar da ke hannunta. "Na sani. Amma a gaban mutane, Baban Aku."

Ya nemi su tashi su kama haya. Ta ce in suka tashi yanzu, kowa zai ce sun ci sun gudu, kuma matar Kawu ƙafa ta fara ba ta wahala, wa zai duba su? Suka zauna.

Auta ya koma wurin Dakta, don babu wani aikin da ya iya. Aka yaye barguna, aka fasa bango aka yi taga kamar yadda aka yi alkawari, aka jera keji har rufi. Kujerar aka fitar baranda, masinja ya samu wurin zama. Aikin Auta yanzu shi ne ya ɗauko ɓera da aka hana abinci, ya sa shi a bakin akwatin lunguna, ya ƙirga sau nawa ya shiga lungun da ba ya ɓullewa kafin ya kai ga ƙwayar hatsi. Gobe a sake. Jibi a sake.

A satin farko ya rubuta cewa ɓera na bakwai ya tsaya a mararraba yana shakka. Dakta ya ja layi a kai da jan biro.

"Wa ya gaya maka yana shakka? Ka shiga kansa ne? Rubuta: ya tsaya. Sannan ka rubuta tsawon tsayuwar."

"To in ya ji tsoro fa?"

"Babu tsoro a ɗakin nan. Akwai maƙurewa a kusurwa, akwai kashi. Su za ka ƙirga."

Auta ya dube shi, dariya ta kusa ƙwace masa. Ya ce to. Aikin Dakta yana tafiya, wannan ba a musu: duk wanda ya ƙirga, lissafi ɗaya yake samu, har mutanen wasu jami'o'i suka gwada suka samu daidai. Ɗakin kuma akwai haske. Sai dai warin ya fi na barguna, kuma Auta yakan tsinci kansa tsaye a kan akwatin, yana kallon farin abu yana karo da bango yana juyowa, har sai Dakta ya taɓa shi ya ce ya danna agogo. Muryar cikin kansa ba ta tafi ba. Yanzu dai babu mai tambayarta.

Ya yi shekaru a haka. Dakta ya zama farfesa shi ma, ya yi tumbi, ya sami sashe guda da allo a ƙofa. Aka zo da tantabaru, aka zo da ɗalibai masu ɗaukar ɓera da safar hannu. Tsohon Farfesa ya yi ritaya, ya koma bayan labulensa.

Matar Auta ce ta zo da wata magana wata rana da ta dawo daga aiki, tana cire takalmi a bakin ƙofa. Ta ce likitan da ke kula da ɓangaren masu taɓin hankali yana neman wanda zai riƙa zama da marasa lafiya, ya saurare su, ya rubuta abin da suka ce yadda suka faɗe shi. Ma'aikatan jinya ba su da lokaci, kuma da mutum ya fara magana sai su ce masa ya yi haƙuri ya sha magani.

"Na ce masa ina da mutum a gida."

"Ni da nake neman mai duba ni?"

"Oho dai. Na riga na ce za ka zo."

Dakta bai so ba. Ya ce sauraron labarin majinyata komawa baya ne, kuma gwajin tantabaru yana tsakiya, ba mai riƙe shi sai Auta. Suka yi ta ja, a ƙarshe ya sake shi ranar Talata da Alhamis, da sharaɗin ya fara ba tsuntsaye abinci kafin ya tafi.

Ɓangaren yana can bayan asibiti, dogon ɗaki ne mai gadaje a jere da ƙarafa a tagogi. Aka ba Auta benci a baranda. Mutumin farko da aka kawo masa wani tela ne, magidanci, wanda ya daina fita daga ɗakinsa tun da gobara ta cinye shagonsa. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin yana murza bakin rigarsa.

"Likita ya ce in gaya maka abin da nake ji. Ni kuwa ban san yadda ake faɗa ba."

"Ba sai ka iya ba. A ina yake tsaya maka?"

Telan ya dube shi da mamaki, ya ɗora hannu a ƙasan haƙarƙari. "Nan. Kamar an cusa tsumma."

"Kullum, ko yana zuwa yana tafiya?"

"Da safe ya fi. In na ji ƙarar keken ɗinki." Ya ɗago kai. "Ka taɓa jin irinsa?"

Auta ya ce ya taɓa. Telan ya matso kaɗan, ya fara ba shi labarin shagon, da inda kowane keke yake, da yaron da ya bar dutsen guga a kunne, wanda har yau bai iya gaya wa uban yaron ba. Ya yi magana har aka buga ƙarfen abincin rana. Da ma'aikaciyar jinya ta zo tafiya da shi, ya tsaya ya tambaya ko malamin zai dawo gobe.

"Gobe ina wurin tantabaru," in ji Auta. "Sai jibi."

Telan ya ce to, Allah ya kai mu, zai ajiye masa sauran.